Wa Ya Ƙona Gem ɗin Baba?

Ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan kana lafiya, kai da tulin rediyoyin da ka aura.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Dogo direba. Waya ce ta ishe ni. Duk ranar da na kira ka, da na kawo bakin maganar sai ka ce, "Auta, ga mai kaya ya shigo, zan kira ki." Takarda kuwa ba a kashe ta.

Baba yana nan da ƙarfinsa, yana ci yana sha, kan ne dai ya ƙara tafiya. Shekara biyu ke nan tun rasuwar Mama da na ajiye alli na dawo benen nan. Makullin ƙofa a wuyana yake kwana, tun ranar da ya fita da jakarsa wai jirgin ruwansu zai tashi, aka tsinto shi a tashar mota. Ni da titi sai ta ƙarafunan taga. Ko shara maƙwabciya ce take sauke mini.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kusan kullum, da ya haɗiye maganin safe, sai ya ƙura mini ido ya ce, "Ke, wa ya ƙona gem ɗin nan?" Ka san wanda yake nufi, injin wasan talabijin ɗin da ya zo mana da shi daga tafiyar jirgi, kana da shekara goma sha uku ina da takwas. Ni da kai mun san abin da ya faru. Taransifomansa mai rage wuta yana kulle a ɗakin Baba, ka kasa haƙuri ka cusa filogin a bango, ya yi fas, hayaƙi ya tashi, ka bi ta ƙofar baya. Baba ya shigo ya tarar da ni riƙe da hannun gem, abin dannawar nan. Na sha bel ban ce uffan ba, kai ma ba ka ce ba. Yanzu kullum sai na ce, "Ni ce, Baba, ka yi haƙuri," ya yi faɗansa ya huce. Shekarata talatin da takwas, kowace safiya ina ba da haƙuri kan laifinka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shugabar makarantarmu ta hawo benen nan da kanta. Hutun da aka ba ni ya ƙare. In ban koma ranar Litinin ɗin da za a buɗe makaranta ba, sati biyar daga gobe, za a ba wata ajina, a cire sunana. Ɗakin Mama babu kowa, kuma teburin gyaranka zai shiga. Aikinka na hannu ne, ko'ina ka zauna rediyo za ta biyo ka. Ka dawo ka zauna da Baba daga ƙarfe bakwai zuwa biyu, ni in karɓe ka. Iyakar roƙona ke nan.

Af, ina kwashe kayan sif ɗin Baba na ga gawar gem ɗin, a naɗe cikin tsohon mayafin Mama, da kaset ɗinsa bakwai. Ashe shekara talatin bai jefar ba. Na ba Dogo injin ya kawo maka. Zai gyaru?

Ina jiran amsa, ta farkon nake nufi.

Ƙanwarka,
Auta

Ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Malama Auta,

Amin, wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri gare ki da Baba, Allah ya ƙara masa sauƙi, ya saka miki da alheri. Saƙo ya iso, na kuma gode.

Na buɗe injin. Ba zai tashi ba. Adaftarsa ta narke ta ciki, wutar kuma ta wuce ta cinye ƙwaƙwalwarsa. Amma ki adana kaset ɗin nan kamar ƙwai, yanzu irinsu nema ake yi. Na gaya wa masu buɗe kwantenar tsofaffin kaya su sa mini ido a kan irin na Baba. Kafin a samu, ga wani na aiko miki, ɗan'uwansa ne daga ƙasa ɗaya, da kaset biyu nasa. Da haka ake fara tarawa. Na san mutane masu furfura da suka cika kanta da su.

To ki buɗe kunne, Malama, yau ke ce ɗaliba. Wutar ƙasar da aka ƙera shi ɗari ce, tamu ɗari biyu da ashirin. Ki juya adaftar ki karanta ƙananan rubutun bayanta, za ki ga ɗarin. In ya sha tamu kai tsaye, kafin ki ƙifta ido ya zama gawa. Wannan baƙin ƙarfen mai nauyi da ke cikin kwalin shi ne taransifoma, aikinsa rage wuta. Shi za ki sa a bango, sannan ki sa adafta a jikinsa, sannan ki kunna. In kin gama ki bi baya-baya, ki cire shi daga bangon gaba ɗaya. Na zaɓo wanda ya fi ƙarfin abin da injin ke ja, don kada ya yi zafi. Duk da haka ki riƙa taɓa shi da bayan hannu, kada ki rufe shi da tsumma, kada ki ɗora shi kan kafet.

Babban maƙiyinki shi ne ɗan farin kan nan mai canza bakin filogi. Bakin kawai yake canzawa, wutar tana nan yadda take. Mutane suna ganin abu ya shiga soket lafiya sai su ɗauka ya dace. Kullum sai an kawo mini gawa a shago saboda shi. In akwai irinsa a gidan, ki jefa shi a shara yau ɗin nan. In kuwa kika ji wari kamar na ƙonannar roba, kada ki tsaya bincike, bango za ki fara kashewa.

Batun zuwana, aiki ya yi mini yawa a 'yan kwanakin nan, akwai talabijin goma sha ɗaya na mutane a gabana. Bari in rage mu gani. Maganar da ta wuce kuma, a bar kaza cikin gashinta.

Ki gaishe da Baba. Na bar ki lafiya.

Yayanki

Ranar Asabar

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ana ga yaƙi kana ga ƙura. Na tambaye ka kai, ka aiko mini ƙarfe. Shafi biyu a kan wuta, layi biyu a kaina. Da ɗalibina ne kai, da na rubuta maka "amsa abin da aka tambaye ka" da jan biro.

Amma ba zan hana ka ladanka ba, abin ya yi. Na bi karatunka tiryan-tiryan: bango, taransifoma, adafta, sannan na danna. Ɗan farin kan nan har guda biyu na samu a durowa, sun bi shara. Hoton ya fito baƙi da fari, yana ɗan rawa, ban sani ba ko laifin tsohuwar talabijin ɗinmu ce. Baba dai bai damu ba. Kaset ɗaya na wani ƙaramin jirgin ruwa ne da ke kauce wa duwatsu. Ya jawo kujera ya zauna bayana yana ba da umarni.

"Hagu, hagu. Ke wa ya koya miki tuƙi?"

"Ba kowa, Baba."

"Ai na gani. Da a jirginmu ne da tuni kyaftin ya sauke ki a tsibiri."

Rabon da in ji ya yi wasa da ni har na manta. Ranar bai nemi jakarsa ba, bai jijjiga ƙofa ba. Tambayar safen ce dai ba ta fasa ba.

Shekaranjiya Dogo ya hawo da inji na biyu, yana haki yana cewa gwiwarsa ta fara tsanar gidanmu. Ba ko takarda a ciki, sai jan tef a jikin adaftar da rubutunka, "na baƙin inji kaɗai." Na gode da tef ɗin, domin saura ƙiris in sa masa ta farkon. Bakinsu iri ɗaya ne sak. Na share kantar da Mama ke jera tangaran, na jera su a kai. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ko shagon gem zan buɗe wa yaran unguwa.

Bari in gaya maka abin da ya ba ni tsoro. Jiya Baba yana barcin rana na zauna ni kaɗai ina tuƙa jirgin nan. Da na ɗaga kai, awa biyu ta wuce, ban je taga ko sau ɗaya ba. Da can kullum ƙarfe biyu ina tsaye a wurin, ina kallon yara suna dawowa daga makaranta ko darasin hutu, ina ƙirga masu igiyar takalmi a kwance. Jiya sun wuce ban sani ba. Na ji daɗin wasan, kuma jin daɗin ne ya sa ni kuka. Ka samo abin da zai zaunar da ni a ɗaki ba tare da na yi ƙorafi ba. Ban ce da gangan ka yi ba, amma ban ce ba da gangan ba ne.

Saura sati uku da kwana biyu. Shugaba ta aiko mini da jadawalin aji da littattafan lissafi, suna nan kan kantar kusa da injinanka. Talabijin goma sha ɗayan nan, nawa suka rage?

Taka,
Auta

Ranar Talata

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, kwana goma sha bakwai ba kaɗan ba ne, na sani.

Albishirinki. An samu irin na Baba, fari mai jan baki, har da hannayensa biyu manne da waya. Na buɗe shi na share, na canza 'yan kayan da suka kumbura a ciki, na gwada shi wuni guda. Kaset ɗinku bakwai za su shiga. Ki goge bakinsu da auduga tukuna, kada ki hura musu iska da baki yadda muke yi da, yawu ne yake sa su tsatsa.

Kin tsira da kika bi tef ɗin nan. Adafta biyu sai su yi baki ɗaya amma wutar ɗaya ta shiga ta tsakiya, ta ɗayar ta gefe. Wata ma irin wutar da take fitarwa daban ce. Kowane inji da tasa, kada ki yi musu aure. Ta wannan na sa mata shuɗin tef. Hoton baƙi da fari kuma ba lalacewa ba ce, tsarin launinsu ne ya bambanta da na talabijin ɗinku.

Kin ce na cika dogon bayani a kan wuta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Warin ranar nan har yau yana hancina. Ina bayan katanga ina jin kukanki, ban fito ba. Washegari na fara kwance rediyon Mama don in gane abin da na yi, kin ga inda sana'ar ta samo asali. Shekara talatin ina gyara kayan mutane, wancan ne kaɗai ban gyara ba.

Auta, ba aiki ne ya hana ni zuwa ba, kin riga kin gane. Zuwana na ƙarshe, bayan rasuwar Mama, ya dube ni ya ce, "Malam, wa kake nema?" Na sauko benen nan na zauna a mota ban iya tayar da ita ba. Ke aƙalla ya san ki. Ni ban san wanda na fi tsoro ba, ya manta ni ko ya tuna.

Me zai hana a nemo wata mata mai haƙuri ta riƙa zama da shi da safe? Ni zan ɗauki nauyin komai. Ki yi tunani.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki

Ranar Asabar

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, hannuna ba ya son rubutu yau.

Mata uku na gwada a bara. Ta farko ya kore ta da sanda, ta biyu ya kulle kansa a banɗaki har ta tafi, ta uku ita ta gudu da kanta. Baƙo ba ya zama da Baba. Da kana ɗaukar waya har ƙarshe da ka san wannan.

Injin ya iso ranar Laraba. Na ɗora shi kan tebur ina warware wayoyi, sai Baba ya fito daga ɗaki. Ya tsaya cak. Ya zo ya shafa shi, ya ɗaga hannayen gem ɗin biyu ya mayar da su mazauninsu. Na ɗauki adaftar don in duba tef ɗinka, na juya wajen bango inda taransifoman yake. Shi ya ɗauka soket na nufa. Caraf ya riƙe mini wuyan hannu.

"Ba a sa shi kai tsaye. Ina baƙin ƙarfen?"

Na nuna masa. Mutumin da bai san ranar yau ba, wanda nake ɗaure wa maɓallin riga, ya durƙusa ya haɗa komai da kansa. Bango, taransifoma, adafta. Har bayan hannu ya sa ya taɓa ƙarfen, kamar ya karanta wasiƙarka. Ya zaɓi kaset ɗin tseren mota, wanda muke faɗa a kansa, ya miƙo mini hannu na biyu. Muka yi ta yi, yana cin ni yana dariya.

Muna cikin zagaye na huɗu, idonsa a kan talabijin, ya ce, "Wancan yayanki ne ya ƙona shi."

Motata ta daki katanga. Na ce, "Baba, me ka ce?"

"Na gan shi ta taga yana tsallake katanga, takalmi ɗaya a ƙafa."

"To me ya sa ni ka doka?"

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Wannan yaron zuciya gare shi. In na taɓa shi barin gidan zai yi, ba zai dawo ba. Ke kuwa ba inda za ki." Sannan ya ce in mai da hankali, an wuce ni.

Na gama wasan da shi, na kashe komai baya-baya yadda ka koya mini, na ba shi abinci, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni. Shekara talatin ina ɗauka na rufa maka asiri ne. Har wani ɗan alfahari nake yi da abin a raina. Ashe babu asirin da na rufe. An duba mu biyu ne aka zaɓi wadda za ta zauna, kuma ba a yi kuskure ba. Ga ni nan, makulli a wuya.

Washegari ya sha magani, ya dube ni kamar ba a yi komai ba, ya ce, "Ke, wa ya ƙona gem ɗin nan?" Na buɗe baki, "ni ce" ta ƙi fitowa. Ya maimaita har sau shida, ya rikice, ya ɗauko jakarsa ya yi ta dukan ƙofa kusan awa guda. Jiya ma haka, yau ma haka. Ba mugunta nake yi masa ba, Allah ya sani. Kalmar ce ta ƙare a bakina.

Kwalin da Dogo zai ba ka da wannan takarda yana da nauyi. Taransifomanka ne. Injinan uku na ɗora su can saman sif, adaftocin kuma suna cikin akwatina a kulle, kada ka ji tsoro, ba abin da zai ƙone. Baba yana ta nuna saman sif ɗin yana cewa a sauko masa da motarsa. Na ce masa baƙin ƙarfen yana wurin mai shi. Kada ka aiko da wani, zan mayar. Kada ka aiko da inji na huɗu.

Jibi Litinin. Na goge kayana, na sa alli da jan biro a jaka, na rataye ta jikin ƙofa. Ba zan yi maka ƙarya ba, in ba ka zo ba ba zan fita in bar shi shi kaɗai ba. Shi ya san haka tun ina da shekara takwas, kai ma ka sani. Ƙarfe bakwai na yi zan sauke jakar in mayar da ita sif, shi ke nan. Ina so ne kawai ka san lokacin, ko kana gaban wace talabijin.

Ƙanwarka

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

Auta,

Salamu alaikum. Ina ƙasa, a motar Dogo. Teburina yana ɗaure a sama, taransifoman yana kan cinyata. Mun iso tun ɗazu, na kasa buɗe ƙofar motar, shi ya sa na roƙe shi ya hawo miki da wannan. Ya ce wannan ce ta ƙarshe da gwiwarsa za ta ɗauka.

Kada ki sauko. Ki ba ni minti biyar, ni zan hau. Ki cire makullin daga wuyanki ki ajiye kan tebur, ki rubuta mini yadda ake ba da maganin.

In ya sha, ya tambayi wanda ya ƙona gem, kada ki amsa. Ki ɗauki jakarki ki bar mini.

Yayanki